Yadda Na Ɗauko 'Yar Farina Daga Tsafe

Tun da na dawo, matan ajinmu na Islamiyya ba su bar ni na huta ba. Wadda ta ji rabin labari a bakin wata sai ta zo neman sauran rabin a wurina, har ta kai ana cewa wai mari na sharara wa surukina a tsakiyar kasuwar Tsafe. Ban mari kowa ba. To, tunda yaƙi da jahilci ya koya mini riƙe biro, bakina kuma ya gaji, na ce bari in rubuta sau ɗaya, mai iyawa ta karanta, wadda ba ta iya ba a karanta mata. Wanda ya ji yadda ake zuzuta tafiyar nan zai ɗauka Makka na je. Daga Bunguɗu ne zuwa Tsafe, hanyar da direba ke yi ya dawo a yini ɗaya, amma ni kwana goma sha ɗaya ta ci mini, kuma ban taɓa yin tafiyar da nake alfahari da ita kamarta ba.

Zulai 'yar farina ce. Yaran yanzu za su ce to sai me. Mu da muka tashi a Rawayya mun san abin da hakan ke nufi: uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ta kau da kai wata ta ɗaga shi. Ana yaye Zulai mahaifiyata ta ɗauke ta, a ɗakinta ta girma, ita ce kuma ta aurar da ita ga wani tela mai suna Hamisu a Tsafe. Har yau "Yaya" take ce mini. Ni kuwa in maganarta ta kama, sai in ce "wadda ke Tsafe", kowa ya gane. An yabe ni a kan wannan kunyar shekara da shekaru, kuma ba zan ɓoye muku ba, yabon yana yi mini daɗi.

Cikinta na farko, kwana biyu ta yi tana naƙuda a ɗaki, ɗan ya zo babu rai. Na biyu ya daina motsi tun kafin naƙudar ta zo. Duk biyun ban je ba. Aike na yi da gero da kanwa da man shanu, na ce a ce Allah ya ba da rayayye, sannan na zaga bayan rumbu na yi kukana inda ba mai gani. Mahaifiyata ta rasu tsakanin na farkon da na biyun, saboda haka yarinyar nan ba ta da wata uwa da ta rage sai ni, mai kau da kai.

Bara ne na raka matar ɗana awo a asibitin garinmu. Na zauna can baya ina jan carbi, kunne ɗaya a wurin malamar asibitin da ke yi wa masu ciki bayani. Ta ce abubuwan da ke kashe ɗa a ciki yawancinsu ba sa zuwa a ɓoye, sallama suke yi, mu ne ba ma amsawa. Ta ambaci zazzaɓin sauro da muke rainawa, da ƙarancin jini, da naƙudar da rana za ta fito ta faɗi ba a haihu ba ana zaune a ɗaki. Da ta zo kan hawan jini sai ta kira wata mai tsohon ciki, ta danna babban yatsanta a ƙwaurin matar, ta ɗaga. Wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ta ce in ga wannan, ga kumburin fuska da hannu, ga ciwon kai, ko ɗa ya rage motsi, to kada a kwana. Carbin ya tsaya a hannuna. Na tuna wani taron suna da muka haɗu a Rawayya, Zulai na da cikinta na biyu: ta cire silifa ta riƙe a hannu don ƙafa ta ƙi shiga, zobe ya nutse a yatsanta, mata suna ta cewa ciki ya karɓe ta. Na ga duk wannan da idona, na juya na ci gaba da hira da wata.

Cikin daminar bana, lokacin ɗanyar masara, wata mai daddawa da ke cin kasuwar Tsafe ta biyo gidanmu da fara'arta.

"Na gano ɗiyarki Tsahe," ta ce. "Ciki wata takwas, kuma wallahi ya karɓe ta. Ta yi ɓul-ɓul, huska cike, har idanu sun shige."

Ita albishir ta kawo. Ni ban san lokacin da na sallame ta ba, ko daddawar ban saya ba.

Neman izini wurin Malam maigidana shi ma tafiya ce mai zaman kanta, domin 'yar farinsa ce shi ma. Na ce ina son zuwa Tsafe. Ya ce wurin wa. Na ce wurin mutanen can. Ya ce lafiya dai. Na ce lafiyar ce zan dubo. Haka muka yi ta kewaye-kewaye, mu tsofaffi biyu, an rasa wanda zai furta sunan yarinyar da muka haifa. Ya tuna mini uwar ɗiya ba ta kwana a gidan suruki, na ce in ya so in kwana a tasha. Ya ci gaba da murɗa rediyonsa. Washegari bayan ya dawo daga masallaci ya ajiye mini kuɗin mota a kan faifai, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon waje.

"In kin ga hali," ya ce, "kar ki dawo ke ɗai."

Daga Bunguɗu zuwa Gusau ba nisa, amma sai da na yi abin kunya. Mu huɗu aka danna a kujerar baya, ni da wata mai kaji biyu da mijinta da wani ma'aikaci mai gogaggiyar farar shadda. Kwanon man shanun da na riƙo tsaraba yana kan cinyata, zafin mota ya narkar da shi, direba ya faɗa wani rami, murfi ya goce. Rabin man ya sauka a kan shaddar bawan Allahn nan. Na shiga ba da haƙuri ina goge masa da gefen zanena, ina ƙara dama abin. Ya dubi rigarsa, ya dube ni, ya ce ba komai Baba, yau ofis za su sha ƙamshi. Allah ya yi wa wanda ya yi masa tarbiyya albarka.

Tashar Gusau kuwa sai mai ƙarfin zuciya. Ban gama sauke ƙafa ba 'yan kamasho uku suka kama jakata, kowa na rantsuwa motarsa ce saura mutum ɗaya. Wadda na shiga, mutum ɗayan nan sai da muka jira shi tun hantsi har rana ta take, domin ashe uku daga cikin fasinjojin 'yan zaman cika ido ne, ana samun na gaskiya suke sulalewa. Ina zaune na kwance ƙullin hoce, gurasarmu ta dawa, da ƙuli-ƙulina na ci. Mutanen Gusau sai sayen awara da soyayyar taliya suke a leda, abin da in ka ci kafin ka wanke hannu ka sake jin yunwa. Wata budurwa a gefena tana kallon hocen kamar ba a Zamfara aka haife ta ba, na gutsura mata, ta cinye ta roƙi ƙari.

Hanyar Tsafe kun san halin da 'yan bindiga suka jefa ta, ba sai na faɗa ba. Da muka tashi ana ta gardama a kan tsadar taki, kowa na da ta cewa. Muna wuce dutsen Kwatarkwashi motar ta yi tsit, sai leɓuna ke motsi. Direba ya ce shi in la'asar ta yi ko nawa za a ba shi ba ya bin hanyar nan. Na ji wannan maganar ta zauna mini a ƙirji, don na tuna naƙuda ba ta duba agogo. A shingen sojoji kuma duk aka sauke mu, muka taka a ƙasa ɗaya bayan ɗaya, hannu a fili, motar ta biyo mu a hankali. Ban taɓa ƙetare iyakar wata ƙasa ba, amma ina jin ba ta wuce haka ba. Takalmina ɗaya ya maƙale a taɓo, na wuce gaban soja da ƙafa ɗaya a takalmi ɗaya a laka.

Ɗan kabu-kabu ya kai ni unguwar su Zulai a kan babur ɗinsa, can bakin gari inda gidaje ke haɗuwa da gonaki. Na yi sallama, gidan ya ruɗe. Uwar Hamisu, wadda kowa ke kira Inna Kulu, doguwar tsohuwa ce mai kaifin ido, ta fito tana gyara ɗankwali tana tambaya ko rasuwa aka yi, domin in ba rasuwa ba me zai kawo uwar ɗiya gidan suruki ba aike ba sanarwa. Na ce zumunci ne. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo fura, kuma zan faɗi gaskiya, furar Tsafe ta fi tamu laushi, sai dai sun cika mata yaji.

Daga inda nake zaune ina hango Zulai a gindin turmi tana daka. Ta ajiye taɓarya ta taho, ta durƙusa da ƙyar tana dafa ƙasa, ta ce Yaya sannu da hanya. Da ƙyar na gane fuskar. Inna Kulu ta shiga ba ni labarin irin kulawar da suke yi mata, kuma da zuciya ɗaya take faɗa. Daka da ɗiban ruwa ba a hana ta ba, don jiki ya saki haihuwa ta zo da sauƙi. Ga tukunyar jiƙon sassaƙe mai ɗaci tana sha safe da yamma saboda zaƙi. Ƙwai ba ta ci. Mu ma a Rawayya duk mun yi wannan, ban ga baƙon abu ba. Wanda ya ba ni mamaki shi ne na ƙarshe: tun da cikin ya fito, ba a bar ta ta leƙa ko zaure ba, balle awo. Sun yi shawara cewa baki ne ya ci na farko da na biyu, saboda haka wannan za a ɓoye shi har ya faɗo. Mai daddawar ma don ta shigo neman ruwan sha ne ta gan ta. Kumburin ƙafa kuwa, Inna Kulu ta ce ai alamar namiji ce.

Na zauna ina juya ludayi a cikin fura. Shekara ashirin da shida ban furta sunan nan a gaban mutane ba. Sai na ajiye kwaryar.

"Zulai, zo nan."

Ta waiga bayanta tukun, sannan ta dube ni. "Yaya, ni kinka kira?"

Na ce ta zauna ta miƙo ƙafa. Na ɗora ƙafar a cinyata, a gaban uwar mijinta da matan gidan, na danna babban yatsana a ƙwaurinta na ɗaga. Ramin ya zauna. Na tambaye ta kanta, ta ce ya fi kwana goma yana sara, wani lokaci har ta riƙa ganin ƙyalli-ƙyalli a idonta. Na tambaye ta motsin ɗan, ta ce da yana damunta da shuri, amma tun jiya da safe sau biyu ta ji shi. Na ce me ya hana ta faɗa. Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zanenta.

"Dut biyun haka kaina yay yi ta ciwo," ta ce. "Ba wanda yat tambaye ni."

Ba da zargi ta faɗa ba, kuma wannan ne ya fi ƙona ni. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, ba irin wadda ake yabo ba.

Na ce a kira mini Hamisu daga shago. Ya zo ya tsaya a zaure kamar yadda ya dace, yana aiko da gaisuwa ta bakin ƙanwarsa. Na yafa mayafi na fita na same shi. Yaron nan ya zube ƙasa ya tsuguna, ya rasa inda zai sa idonsa, ni kuma na tsaya a kansa na zayyana masa duk abin da malamar asibiti ta ce, ina nuna shi da yatsa. Matan maƙwabta sun jeru a kan katanga suna kallo, ina jin daga nan labarin mari ya samo asali. Da na gama ya ce shi ba ya ƙi, amma sai abin da Inna ta ce.

Inna Kulu tana bayana, ta ji komai. Ranta ya ɓaci, kuma tana da hujja, an shigo mata gida an nuna ba ta iya riƙon suruka ba.

"Tara na haihwa cikin ɗakin ga," ta ce. "Huɗu ba su zo da rai ba, ko tarina ba a ji ba. Abin da Allah yar rubuta ba likitan da ka goge shi."

Na ce haka ne, kuma Allahn ne ya ba likitan saninsa. Ta ce a bari a ga gobe. Na san in na biye wa zafin kaina za mu yi ta yi har la'asar ta wuce, hanya ta rufe. Sai na sassauta murya.

"Inna Kulu, huɗun nan naki, da an ce miki ga inda za ki kai su su rayu, zama za ki yi?"

Ta daɗe tana kallon tukunyar jiƙon nan, sannan ta shige ɗakinta. Na ɗauka shi ke nan na ɓata komai. Can sai ga ta da mayafi da jaka, ta ce ƙafarta ƙafar surukarta, don kada gobe a ce mutanen Bunguɗu sun zo sun ɗauke musu mata suna kallo.

A asibitin Tsafe nas ta ɗaura wa Zulai abin awon jini a dantse, ta duba, ta kwance ta sake ɗaurawa a ɗaya hannun. Ta fita da sauri ta kira likita. Aka ba ta ƙwaya, aka yi mata allura a ɗuwawu biyu, aka ɗora wata 'yar na'ura a kan cikin. Da farko shuu kawai muke ji, sai ga wani bugu ƙanana-ƙanana da sauri. Nas ta ce zuciyar ɗan ce. Inna Kulu ta matso har tana ture ni, ta ce a sake sa mata ta ji. Likita ya rubuta takarda ya ce a wuce babban asibiti a Gusau yau ɗin nan, domin jinin ya hau inda jijjiga za ta iya kama ta kowane lokaci. Hamisu ya ruga tasha ya yi shatar mota.

Da muka iso shingen da na bar takalmina ɗazu, soja ya buga murfin mota ya ce a sauka. Zulai na kwance a jikina, allura ta kashe mata jiki, ko zama ba ta iya yi sosai. Direba ya yi bayani, sojan ba ya jin Hausa sai "sauka". Ni da ko ɗan sanda na gani a Bunguɗu sai in sake hanya, na buɗe ƙofa, na jawo ƙafar Zulai waje, na danna yatsa na nuna masa ramin, na miƙa masa takardar likita. Ya dubi ƙafar, ya leƙa ya ga cikin. Ya yi wata magana da Turanci wadda "Mama" kawai na tsinta a ciki, ya je da kansa ya janye itace mai ƙusoshi da suka tare hanya da shi, ya ɗaga wa motocin gabanmu hannu su ba mu hanya.

Asibitin Gusau gari ne guda, kuma yana da dokokinsa. Mai gadi ba ya barin kowa shiga sai lokaci ya yi, ba a shimfiɗa tabarma a ɗakin marasa lafiya, ba a shigo da jiƙo. Likitan matan namiji ne, Inna Kulu ta ja ni gefe ta ce yanzu wannan ƙaton ne zai duba matar ɗanta, na ce ai da ƙato da ƙanƙane duk wanda zai fitar mana da ɗa da rai ina maraba da shi. Gwaji ya nuna ba hawan jini kaɗai ba ne, akwai zazzaɓin sauro a jikinta, jininta kuma ya yi ƙasa. Hamisu ya ba da nasa. Ya fito yana tangaɗi, ya zauna a kan dakali yana shan lemon kwalba yana gaya wa duk wanda ya wuce cewa leda guda aka ɗiba. Likita ya ce za su riƙe ta kwana biyu suna yi mata wata allura don huhun ɗan ya yi ƙwari, in hali ya bari.

Masauki muka yi a Tudun Wada, gidan Hajiya Luba ƙanwar Malam, wadda ta yi aikin gwamnati har ta yi ritaya. Ɗaki ɗaya ta ba mu ni da Inna Kulu, katifa ɗaya. Ban-ɗakinsu a cikin ɗaki yake, irin na zama, Inna Kulu ta leƙa ta ce ita ba za ta yi wannan abu a inda ake kwana ba, sai da aka nemo mata na tsakar gidan maƙwabta. Da aka kawo shinkafa da cokula, kowace ta ce ta ƙoshi, don suruka ba ta ci a gaban suruka. Yunwa ta yi mana hukunci: na juya na fuskanci bango ta gabas, ita ta yamma, sai ƙarar cokali kake ji. Hajiya Luba ta shigo ta same mu haka, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Kafin kwana biyu kwano ɗaya muke sa hannu, tana tsince mini ƙashin kifi don haƙorana ba su da ƙarfi.

A ɗakin da aka kwantar da Zulai na ga abin da ya sa na daina ganin laifin Inna Kulu ita kaɗai. Gado na kusa wata ce daga wani ƙauye, kwana uku tana naƙuda, hanya ba ta biyuwa sai da rana, aka kawo ta a kan babur tsakanin maza biyu. Ita ta tsira, ɗan bai tsira ba. Ta gaba da ita haihuwarta ta goma sha ɗaya ce, ciwon suga gare ta ba ta sani ba sai da aka rasa biyu a jere. Duk wadda na tambaya, sai ta ce ta ji alama, ta yi shiru, ko ta faɗa an ce haka ciki yake. Inna Kulu na zaune tana jin su.

Rana ta uku da hantsi likita ya kira mu. Ya ce bugun zuciyar ɗan yana raguwa, jinin uwar ya ƙi sauka, ba sauran jira, aiki za a yi a ciro shi, sai miji ya sa hannu. Inna Kulu ta ce a zuriyarsu ba a taɓa yanka mace a ciro ɗa ba, za a ce raguwa ce ta kasa abin da kowace mace ke yi. Hamisu ya riƙe biro yana kallon uwarsa. Maganganu sun cika mini baki, amma na haɗiye, domin na ga Zulai na ƙoƙarin ɗago kai daga matashi, kuma wannan shirun nawa yana cikin abubuwan da nake alfahari da su.

"Malam, sa hannu," ta ce wa mijinta. "Sau biyu ina wankan jego kwana arba'in ba ɗa a hannuna. Su kira ni raguwa."

Ya sa hannu. Inna Kulu ba ta hana ba, ita ce ma ta tofa mata addu'a a goshi da aka zo tura gadon.

Muka zauna a kan benci a ƙofar ɗakin tiyata. Ban san tsawon lokacin ba, na dai san na yi ta jan carbi ina ɓata lissafi ina sakewa. Ana kiran azahar wata nas ta turo ƙofa ta ce ina masu Zulaihatu. Muka miƙe mu uku. Ta ce mace ce, ƙarama ce amma tana da rai, uwar ma lafiya. Ta bayan nas ɗin, ta ƙofar da ba ta rufu ba, muna jin wata 'yar siririyar murya tana tsala kuka. Hamisu ya kifa goshinsa a kan simintin nan, a gaban kowa.

Sauran kun sani. A Tudun Wada aka yi suna, aka sa mata sunan mahaifiyata. Malam maigidana ya zo daga Bunguɗu, ya ɗauki jikarsa, ya tambayi mai jego jiki ido da ido, har ta rasa yadda za ta amsa masa. Likita ya ce ciki na gaba tun yana wata biyu a fara awo, kuma a asibiti za a haihu, Inna Kulu ce ta karɓi katin ta ce a hannunta zai zauna. Na dawo gida wasu na cewa na zubar da kunya, na ce ƙwarai kuwa, kuma da na sani da tun shekara biyar baya na zubar.

Abu ɗaya ne ban gaya wa kowa ba, sai yanzu da mai shi ta ce in rubuta. A ranar, bayan nas ta yi mana albishir, sai ta miƙo hannu ta ce a kawo kayan jariri. Muka dubi juna. Ni ban taho da komai ba, Hamisu da ke ɗinka wa 'ya'yan mutane riguna bai ɗinka ko hula ba, don a gidan an daina sayen kayan ɗan da ba a gani ba. Nas ta ce ko zane ne a ba ta, yarinya na jin sanyi. Na cire mayafina na ba ta. Ta ce saura na ƙunzugu.

Inna Kulu ta jawo jakarta, ta daɗe hannunta na ciki. Abin da ta fito da shi farin alawayyo ne sabo fil, a ninke, yadi ɗaya. Duk wanda ya taɓa binne jariri ya san awon.

"Shi ɗai na taho da shi," ta ce, ba ta dubi kowa ba. "Sau biyu ana tashe ni neman shi da gaggawa. Na ce wannan karon ba za a iske ni ba shiri ba."

Ta warware shi a kan cinyarta. Ta kasa yagawa, sai ta sa haƙori ta ɓalla bakin, na kama gefe ɗaya ta kama ɗaya muka ja. Guda shida ya ba mu. Kafin la'asar yarinyar ta ɓata biyu, Inna Kulu ta ƙwace su daga hannuna ta ce ita za ta wanke.